Yadda Za Ka Tantance Katin Barkwancin Ɗaukar Soja na Yaƙin Duniya na Ɗaya

Idan irin wannan katin gidan waya na Birtaniya ya shigo hannunka, kada zanen ya ɗauke maka hankali tukuna. Juya shi. Ni da baya nake farawa, domin can ne kati yake faɗin shekarunsa.

Duba kan sarkin da aka manna. Kore na rabin kwabo mai hoton Sarki Joji na Biyar shi ne kuɗin aika kati a cikin ƙasar har zuwa watan Yuni na 1918, lokacin da aka mayar da shi kwabo guda. Sai ka karanta hatimin gidan waya, wanda yakan nuna gari da rana. In babu kan sarki, amma akwai hatimin jami'in da ke tace wasiƙu, to daga bakin daga aka aiko shi, don sojan da ke fagen fama ba ya biyan kuɗin aike.

Me ya sa na dage a kan kwanan wata? Daga Agusta 1914 zuwa farkon 1916, ba a tilasta wa kowa shiga soja a Birtaniya. Lord Kitchener, ministan yaƙi, kira ya yi, kuma wajen mutum miliyan biyu da rabi suka amsa da ƙafarsu. A Janairun 1916 aka kafa dokar tilas, ta hau kan marasa aure 'yan shekara 18 zuwa 41, a watan Mayu ta haɗa da magidanta. Saboda haka katin da ke zuga saurayi ya je ya ba da sunansa, galibi ɗan 1914 ne ko 1915. Bayan nan raha ta koma kan masu zuwa gaban kwamiti suna neman a ɗauke musu.

Yanzu juyo gaban. Nemi sa hannun mai zane a kusurwa da sunan kamfani a gefen baya. Donald McGill ya yi wa kamfanin Inter-Art zane da yawa a shekarun yaƙin, Douglas Tempest kuma ya yi wa Bamforth na garin Holmfirth. Ka lura, 'yan kasuwa ne suka buga yawancinsu don sayarwa a shaguna, ba gwamnati ba. Tufafi ma suna magana. Ƙyalle mai ruwan kaki da jan kambi a damtsen farar hula alamar shirin Lord Derby ce, na ƙarshen 1915, wadda aka riƙa ba wanda ya yi alkawarin shiga soja idan an kira shi. Hular kwano kuwa sai 1916 ta game sojojin.

Inda nake so ka daɗe shi ne a kan abin dariyar kansa. Tambayi kanka, wa ake yi wa dariya? Wani lokaci Kaisar, wato sarkin Jamus, ne da murɗaɗɗen gashin bakinsa, wani lokaci ƙaton kurtu ne da kaki ya ƙi shigarsa. Amma wanda ya fi yawa, ya kuma fi cizo, shi ne wannan: soja na tafe da budurwa a kowane hannu, saurayi mai kwat da taye na tsaye gefe ba mai kallonsa. Wannan gori ne aka lulluɓe da wasa. A kwanakin ne mata suke miƙa wa samari farin gashin tsuntsu a kan titi don a ce musu ragwaye. Ka tuna kuma kati ba shi da ambulan: ma'aikacin gidan waya ya gani, uwa ta gani, ƙanne sun gani kafin mai shi ya karɓa. Da yawa daga waɗanda suka amsa kiran su ne aka tura fagen daga na Somme a Faransa, inda Birtaniya ta rasa kusan mutum 20,000 a ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai. Shi ya sa ba na iya riƙe irin wannan kati da wasa, ko da zanen ya sa ni murmushi. Karanta saƙon hannun ma, ko da gaisuwa ce kawai da fensir; shi zai nuna maka wa ya aika wa wa.

Jabu suna nan. Na asali bai cika wuce santimita 14 da 9 ba, takardarsa ta ɗan dafe, kusurwoyinsa sun lanƙwashe. Fari fat mai sheƙi, yi hattara da shi.

Wajen adanawa, kada ka shafe shi da leda mai zafi, kada ka manna shi da gam ko salatif. Sa kowanne a aljihunsa na takarda marar asid, a akwatin da ke nesa da rana da ƙasa. Da damina ka riƙa buɗewa kana dubawa, saboda danshi da gara.