Kafin ka biya kuɗin tsohon faifai

Jama'a, in kun ci karo da faifan garmaho na waƙoƙin samartakarku, kada zumuɗi ya kwashe ku. Ku zaro shi daga kwali, ku karkata shi a haske. Zanen da farce ya ji, allura ma za ta ji, ta yi ta tsalle, watakila daidai baitin da kuka haddace kuna 'yan sakandare.

Ku duba santsin da ke kewaye da takardar tsakiya. Akwai ƙananan lambobi a jiki, su ke nuna bugun farko ne ko maimaici. Kwali ba shaida ba ne, ana musanya shi.

A gida ku jera su a tsaye, nesa da rana, don zafi na lanƙwasa faifai. Faifai mai gudun 78 kuma, wato mai juyawa sau 78 a minti ɗaya, allurarsa daban da ta masu gudun 33 da 45.