Kurakuran da ake yi da makro a ofisoshinmu, da yadda za a gyara su

Ƙarshen wata ne, bayan la'asar, aka kira ni wani ofis da ke kan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna. Na tarar da akawun ya yi tagumi a gaban kwamfuta. A kunne take, amma ko fayil ɗaya ba ya buɗuwa: takardar albashi, lissafin masu bashi, wasiƙun shekara uku, duk an kulle su. Na ce, "Malam, me ka taɓa?" Ya ce imel ne ya shigo da sunan wani ɗan kwangilarsu, ɗauke da takardar Excel wai rasit ne. Da ya buɗe sai ya ga rubutun dishi-dishi, an kuma rubuta cewa ya danna Enable Content in yana son gani sarai. Ya danna, da haka kuwa ya kunna makron da ke ɓoye cikin takardar.

Makro ɗan ƙaramin shiri ne da ake rubutawa cikin Word ko Excel da harshen VBA, don ya ɗauke wa mutum aikin da ake maimaitawa, kamar tara alawus na ma'aikata ɗari a bugu ɗaya. Kayan aiki ne na ƙwarai. Sai dai yana da ikon sauko da wani shiri daga intanet ya kunna shi ba tare da saninka ba. Ta haka ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu a 1999, tana aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshin imel na Outlook, ta haka kuma Locky ya riƙa kulle fayilolin mutane a 2016 yana neman kuɗin fansa.

Kuskuren akawun nan shi ne wanda aka fi yi: bin umarnin takardar da ba ka san asalinta ba. Rasit ko wasiƙa ko takardar neman aiki ba ta buƙatar makro kafin a karanta ta. Duk wadda ta ce sai ka danna wani abu kafin rubutu ya fito, rufe ta, ka kira mai ita da lambar da ka daɗe da saninta, ba wadda ke cikin imel ɗin ba.

Na biyu ya fi damuna, domin masu ɗan sani ne ke yin sa. Tun 2022 kamfanin Microsoft ya sa Word, Excel da PowerPoint su toshe makro da kansu a duk fayil ɗin da ya fito daga intanet. Windows na manna wa irin wannan fayil wani ɓoyayyen tambari, Office kuma, wato su Word da Excel, in ya ga tambarin sai ya nuna jan layi a sama, babu ma maɓallin Enable Content. To, kusan kowane ofis akwai yaro ɗaya mai kaifin kai da ya gano cewa in an shiga Properties na fayil aka zaɓi Unblock, jan layin zai ɓace. Kafin sati ya koya wa kowa, har sakatariyar oga. Da kyakkyawar niyya ya yi, yana son aiki ya tafi, amma ya cire sakatar ƙofa ne don ana yawan ƙwanƙwasawa. Kada a cire tambarin nan sai mai kula da kwamfutocin ofis ya duba fayil ɗin, ya kuma tabbatar da wanda ya aiko shi.

Mu masu gyara ma muna da namu laifin. Wani in oga ya ce masa gargaɗin ya ishe shi, sai ya shiga Trust Center ya kunna dukkan makro, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ku duba da kanku: File, Options, Trust Center, Trust Center Settings, sannan Macro Settings. In an zaɓi layin da ya ba kowane makro dama, a mayar da shi kan wanda ya hana.

Sai batun filash. Yawancin filash ɗinmu tsarin FAT32 ko exFAT ne, kuma ba sa riƙe wancan tambari. Fayil ɗin da aka sauko da shi a wajen buga takardu a Tudun Wada ko Kawo, aka kwafo a filash, zai iso teburinka kamar ɗan gida. Ka ɗauke shi a matsayin baƙo. Haka ma wanda aka ƙunso cikin zip ko ISO, wato fayilolin da ake ƙunshe wasu fayiloli a ciki, domin dabarar da ɓarayin suka koma ke nan da aka fara toshe makro a 2022. Ka kuma sa Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan fayil: docx da xlsx ba sa ɗaukar makro na VBA, amma docm da xlsm da tsofaffin doc da xls suna ɗauka.

Masu riƙe da Office 2007 ko 2010 kuwa, wannan kariyar ta 2022 ba ta same su ba. An daina tallafa wa na 2010 tun Oktoban 2020.

A ganina babban kuskuren na shugabanni ne, da suka bar hukunci a hannun ma'aikacin da ya gaji, ga wuta na shirin ɗaukewa, ga oga na jiran lissafi. Tun 2016 akwai doka a cikin Group Policy, wato tsarin Windows na saita kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya, da ke toshe makro a fayilolin intanet ga dukkan kwamfutocin ofis lokaci ɗaya. A kunna ta. 'Yan fayilolin cikin gida masu buƙatar makro da gaske, irin na albashi, a ware musu folda ɗaya a sa ta cikin Trusted Locations, wato amintattun wuraren da Office ke barin makro ya yi aiki, mutum ɗaya ko biyu kawai ke da ikon zuba abu a ciki. Kada a kuskura a mai da Downloads ko Desktop amintaccen wuri.

Ranka ya daɗe, in ma'aikacinka ya riga ya danna, kada ka fara da faɗa. Wanda ke tsoron tsawa ɓoyewa zai yi, ƙwayar kuma ta ci gaba da ratsa sauran kwamfutoci. A koya wa kowa ya zare wayar intanet ko ya kashe Wi-Fi nan take, ya kira mai gyara, a canza kalmomin sirri daga wata na'urar daban. Akawun nan hakan ya yi, shi ya sa abin ya tsaya a kwamfutarsa kaɗai. Fayilolinsa kuwa daga wani hard disk na ajiya da ke kulle cikin durowa muka dawo da su, amma sai da ya sake shigar da lissafin sati biyu da hannunsa.