Yadda Ake Sauya Lambar Zobe a Kwamfuta Ba Tare da Ɓata Fasalinsa Ba

Maƙerin azurfa a Wadata ko a Château 1 cikin Yamai ya saba da wannan aiki: a kawo zobe ɗaya, a ce ana son irinsa guda goma na ƙawayen amarya, kowacce da girman yatsanta. Wanda ya fara zane a kwamfuta yakan kama zoben ya ƙara masa girma ɗungurungum, kuma a nan ɓarnar take. Rami ya faɗaɗa, gaskiya ne, amma kauri ya ƙaru, gurbin dutse ya yi wa dutsen yawa, azurfa ta tafi a banza. Abin da ake so shi ne lamba ɗaya ta riƙe ragamar rami, sauran ma'aunai su tsaya inda aka ajiye su.

Ka fara da yatsa. A Nijar lambar Faransa aka fi bi, kuma ita ce kewayen cikin zobe da milimita: lamba 54 na nufin kewaye milimita 54. Ka raba da 3.1416 ka sami faɗin rami, wato 17.19. Lamba 52 ta ba da 16.55, lamba 60 kuma 19.10. In mai saye ya aiko da lambar Amurka, lamba 7 tasu rami ne na milimita 17.3. Ka auna da zobban gwaji, kada ka dogara da zare, domin zare yana miƙewa. Yatsa yana kumbura a zafin Afrilu da Mayu, ya motse da sanyin hunturu, don haka awon da aka yi da tsakar rana a bazara yakan ba da zoben da zai riƙa juyawa a watan Janairu. Dole zoben ya wuce gaɓa da ɗan tirjiya.

Manhajar FreeCAD kyauta ce, tana aiki ba intanet, kuma ta isa wannan aiki. Masu Rhino da Grasshopper ko Fusion 360 za su bi wannan tsari da nasu maɓallan. Ka buɗe Spreadsheet, wato teburin lissafi, ka rubuta: lamba 54, kauri 1.5, faɗi 4, ka ba kowane gida suna. A gida na huɗu kada ka rubuta adadi da hannu, ka sa lissafi: lamba a raba da pi, wato 3.1416. Wannan shi ne rami.

Sai ka shiga Sketcher ka zana yankin zoben, kamar an datse shi da zarto ana kallon bakin. Ma'auni uku za ka ɗaure: nisan gefen ciki daga tsakiya ya zama rabin rami, sannan kauri da faɗi su ɗauko nasu daga teburin. Kada a bar layi ko ɗaya a sake. Manhajar tana nuna maka idan zanen ya ɗauru duka. Layin da aka bari a sake shi ne zai karkace ranar da ka sauya lamba. Daga nan ka yi Revolution na digiri 360, wato ka juya zanen ya zagaye tsakiya ya zama zobe. Ka mayar da 54 zuwa 60 ka gani: rami ya buɗe, kauri yana nan a 1.5.

Gurbin dutse ana ɗora shi ne a kan bayan zobe, wato rabin rami a haɗa da kauri. Girmansa kuwa na dutsen ne. Dutse mai milimita 6 ba ya girma don yatsa ya yi kauri. Ka duba da kyau kada gindin dutse ya leƙo cikin rami ya soki fata.

Inda tsarin ya fi nuna amfaninsa shi ne adon da ke zagaye zobe, irin ƴan dalar nan masu kusurwa uku da layukan da maƙeran Abzin suke sassaƙawa a kan azurfa. Ka ce kowace dala milimita 3 ce. A lamba 54, faɗin waje 20.19 ne, kewayensa 63.4, ya ɗauki dala 21. A lamba 60 kewayen waje ya kai 69.4, ya ɗauki 23. In ka kafe adadin a 21, ko dai a sami fili tsakanin dalolin a babban zobe, ko su hau juna a ƙarami. Saboda haka a PolarPattern, maɓallin da ke jera ado a kewayen zobe, ka sa adadin ya zama lissafi: kewayen waje a raba da 3, a mayar da shi cikakken adadi da round. Ɗan abin da ya saura yana rabuwa tsakanin dalolin, ido ba ya kama shi. In adon na bibbiyu ne, dala sama dala ƙasa, ka lissafa su a matsayin guda mai milimita 6, don kada biyu iri ɗaya su haɗu a mahaɗa. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 0.4, wanda bai kai haka ba goge yakan cinye shi.

Zobe mai faɗi yana matse yatsa fiye da siriri. In faɗi ya wuce milimita 6, ka ƙara lamba ɗaya, kuma ana iya sa wannan sharaɗi a teburin.

Saura raguwar zubi. Kaki ko roba da aka buga da na'ura, da ƙarfen da ya huce, duk suna motsewa, sannan magagari da goge suna cin cikin rami su ƙara masa faɗi. Kowace maƙera da nata gwargwado, don haka ka zuba zoben gwaji, ka gama shi sarai, ka zura shi a sandar awo, wadda ake kira triboulet. A ce ka zana 54 ya fito 53: ka raba 54 da 53, ka sami 1.019. Ka buɗe gida mai suna gyara, ka ninka rami da shi. In ka sauya kaki ko mai zubi, ka sake gwajin.

Teburin yana taimakon mai aikin hannu ma. Tsawon azurfar da za a yanka a lanƙwasa shi ne rami a haɗa da kauri, a ninka da 3.1416. A lamba 54 mai kauri 1.5, milimita 58.7 ke nan. Wanda ya yanka 54 cif zai sami zoben da ya yi kaɗan. Nauyi ma haka: wannan zobe mai faɗi 4 yana cin kusan giram 3.6 na azurfa 925, ko 5.5 na zinariya kara 18, sai ka faɗi kuɗi kafin a hura wuta.

Wajen fitar da STL, wato fayil ɗin da na'urar bugawa take karantawa, ka zaɓi raga mai laushi, domin mai kaushi tana mayar da rami mai kusurwoyi, ya ɗan tsuke. Fayil ɗin STL ba ya riƙe lissafin, don haka ka adana na FreeCAD daban, ka sa lambar zobe a sunan kowane fayil da za ka kai wa mai bugawa.