Yadda matashi zai samu damar tashi da jirgi a ƙungiyar kadet ta sojojin saman Birtaniya

Iyalan Hausawa da ke zaune a Landan, Manchester, Birmingham da sauran biranen Birtaniya suna da wata dama a kusa da su wadda da yawa ba su lura da ita ba. Ƙungiyar matasa ta rundunar sojin sama, wadda ake kira Air Training Corps, an kafa ta ne a ranar 5 ga Fabrairu, 1941, kuma har yau tana ɗaukar yara maza da mata tun daga shekara 12, ta koya musu ladabi da aikin haɗin gwiwa, sannan ta sa su cikin jirgi na gaske su riƙe sandar tuƙi da hannunsu. Shiga ƙungiyar ba alkawarin zama soja ba ne, domin yaro yana iya yin shekarunsa ya fita ya kama wata hanya ba tare da kowa ya bi shi bashi ba.

Abu na farko shi ne ku nemi reshen da ya fi kusa da gida, domin rassan sun bazu a duk faɗin ƙasar, kuma akasarinsu suna haɗuwa sau biyu a mako da yamma. Wasu makarantun sakandare ma suna da nasu sashen a ƙarƙashin Combined Cadet Force, wato ƙungiyar kadet ta makarantu. Ana ba da kayan sarki kyauta, abin da iyaye ke biya shi ne ɗan kuɗin wata-wata na reshe, tashi da jirgin kuwa ba a biyan ko sisi. Ku je tare da yaron a ranar farko, ku ga shugaban reshen ido da ido, ku yi masa maganar hijabi da lokacin salla da abincin halal a sansani tun kafin buƙatar ta taso.

Ba a shiga yau a tashi gobe. Sabon kadet, wato yaron da ya shiga ƙungiyar, zai fara da horon farko, inda zai koyi fareti da tarihin rundunar da ka'idojin zama lafiya a filin jirgi, sai ya ci wannan mataki kafin a sa sunansa cikin masu jiran gurbi. A nan ne yawancin yara ke yin sakaci, domin guraben ba su da yawa, kuma idan an turo wa reshe kujeru uku ko huɗu, jami'ai sukan duba wanda ba ya fashin zuwa, wanda kuma takardunsa suke a kammale. Saboda haka ku cike takardar izinin iyaye da ta bayanin lafiya da wuri, ku faɗi gaskiya a kan asma ko farfaɗiya ko wani magani da yaron ke sha, domin likita ne ya kamata ya yanke hukunci a kan irin waɗannan. Yakan faru wani ya janye ana gobe tafiya, sai a ba wanda ya riga ya shirya.

Tashin iri biyu ne. Na farko shi ne na jirgi mai inji, Grob Tutor, ɗan ƙarami mai kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, wanda matuƙan soja, na yanzu ko waɗanda suka yi ritaya, suke tuƙawa daga sansanonin rundunar. Kafin a fita za a nuna wa yara bayanin tsaro, a auna nauyinsu, a ɗaura musu laimar sauka da hular kwano, a kuma tabbatar kowa ya san yadda zai fice daga jirgin idan ta ɓaci. Tafiyar ba ta cika wuce rabin awa ba. Da an yi sama, matuƙin zai ce wa yaron iko yana hannunsa, shi kuma dole ya amsa da baki cewa ya karɓa, haka kuma za a yi idan zai mayar, don kada a samu daƙiƙa ɗaya da ba a san mai tuƙi ba. Wanda ya ji ƙarfin zuciya yana iya roƙon a yi masa wulƙitawa a sama, wanda kuma ya ji tashin zuciya ya faɗa nan take, babu abin kunya a ciki.

Na biyu, wanda a ganina ya fi koyar da tuƙi na haƙiƙa, shi ne jirgi marar inji mai suna Viking, mai dogayen fukafukai da suka kai mita 17 da rabi daga wannan baki zuwa wancan. Ɗalibi yana zama a gaba, malami a bayansa. Ana maƙala wa jirgin doguwar waya wadda wani babban inji a can ƙarshen fili yake naɗewa da gudu, sai jirgin ya ɗan yi gudu a kan ciyawa ya miƙe sama a tsaye-tsaye, har ya kai wajen ƙafa dubu, sannan a saki wayar. Daga nan babu ƙarar komai sai ta iska. Idan ba a samu abin da zai ɗaga jirgin ba, cikin 'yan mintoci za a zagayo a sauka, amma idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan riƙa hawa sama, sai matuƙi ya shiga cikinta yana kewayawa yana ƙara tsawo, kamar yadda shirwa ke shawagi da tsakar rana ba ta kaɗa fiffike ba. Da yake babu injin da zai ba shi damar sake gwadawa, yaro yana koyon auna tsawo da nisa da idonsa, da daidaita hannu da ƙafa wajen juyawa, da yawan duba sararin da ke kewaye da shi.

Ku gaya wa yaron tun daga gida cewa ranar jirgi marar inji yini ce ta aiki. Shi da 'yan'uwansa ne za su tura jirgin zuwa wurin tashi, su riƙe bakin fiffike su yi gudu da shi a matakan farko, su kuma je su dawo da shi bayan ya sauka. Filayen a buɗe suke, iska tana kaɗawa ko da bazara, don haka ya tafi da rigar sanyi da ruwa da abinci. Kada ya tashi da yunwa, kada kuma ya cika ciki, idan kuwa ranar ta faɗo cikin azumi ya sanar da jami'insa da wuri. Mai mura ya haƙura da wannan karon, saboda sauyin tsawo yana matse kunnen da ya toshe, zafinsa kuwa ba kaɗan ba ne.

Horon yana tafiya ne hawa-hawa, kowane mataki da alamar fukafukan da ake ɗinkawa a kayan sarki, daga shuɗiya zuwa ta tagulla, da ta azurfa, da ta zinariya. Wanda ya kai shekara 16 yana iya neman cikakken kwas na jirgi marar inji, inda zai maimaita tashi da sauka har su zauna masa, ya kuma koyi abin da zai yi idan waya ta tsinke ana cikin hawa. Idan malamai suka gamsu, sai a bar shi ya yi zagaye ɗaya shi kaɗai, a shekarun da doka ba ta ba shi izinin tuƙa mota ba tukuna. Ya tabbatar an rubuta kowane tashi a littafinsa na kadet, domin shi ne shaidarsa ranar da zai nemi tallafin koyon tuƙi daga ƙungiyoyi irin su Air League.

Ya kamata ku san cewa guraben sun ragu a kan da. A shekarar 2014 an dakatar da tashin jiragen ƙungiyar marasa inji baki ɗaya saboda shakku a kan yadda ake kula da lafiyarsu, a 2016 aka rage yawan rundunonin da ke koyarwa, a 2018 kuma aka yi ritayar Vigilant, wani jirgin shawagi mai ɗan inji da ake koyar da kadet da shi. Ga kuma yanayin Birtaniya, inda hazo ko ruwan sama ke iya soke tafiyar da aka yi makonni ana jira. Idan haka ta faru, yaron ya koma wurin jami'in da ke kula da jerin sunaye a haɗuwa ta gaba ya sake ba da sunansa, idan kuma jiran ya yi tsawo, ku nemi kulob ɗin farar hula da ke ƙarƙashin British Gliding Association, wato ƙungiyar masu tuƙa jirgi marar inji ta Birtaniya, domin da yawansu suna rage wa matasa kuɗi, kuma a can ana iya barin ɗan shekara 14 ya tashi shi kaɗai.