Yadda Ake Gyara Jerin Izinin Shiga a Rautar Cisco Daga Nesa

Wasu daga cikin 'yan uwanmu masu aikin sadarwar kwamfuta a Jidda suna kula da rautoci, wato na'urorin da ke ba saƙonnin intanet hanya, na masaukan alhazai na Makka da Madina daga nesa, kuma a irin wannan aiki gyaran jerin izinin shiga, wato ACL, yana bukatar natsuwa ƙwarai. Rauta tana bin jerin ne daga sama zuwa ƙasa, ta tsaya a layin farko da ya dace da saƙon, kuma a ƙarshen kowane jeri akwai ɓoyayyen hani da ke toshe duk abin da ba a ambata ba.

Kafin ka taɓa komai, rubuta show access-lists. Za ka ga lambar kowane layi, 10, 20, 30, da adadin saƙonnin da suka dace da shi. Daga nan ka ba da umarnin reload in 10, domin idan hanyarka ta yanke, rautar ta sake tashi da tsohon tsarinta bayan minti goma. Wannan ya fi maka kama hanyar Madina cikin dare, sai dai ka zaɓi lokacin da baƙi ba sa cunkoso a kan intanet.

Idan lambar jerin 110 ce, shiga cikinsa da ip access-list extended 110. Don cusa sabon layi tsakanin 10 da 20, fara shi da lambar 15, misali 15 permit tcp 192.168.5.0 0.0.0.255 any eq 443. Don cire layi ɗaya, no 20 ya wadatar.

Inda nake so a fi yin hattara shi ne umarnin no access-list 110. Ko da ka biyo shi da cikakken layin da kake son cirewa, jerin gaba ɗaya zai goge, ƙofa ta kasance a buɗe ga kowa. Da zarar kuma ka sake rubuta layin farko, ɓoyayyen hanin nan zai dawo, ya yanke SSH ɗinka, wato hanyar da kake shiga rautar daga nesa, kafin ka kai ga layin da ke ba ka izini.

Idan lambobi sun matse, ip access-list resequence 110 10 10 zai sake jera su. Bayan ka gwada ka tabbatar komai yana tafiya daidai, soke sake tashin da reload cancel, sannan ka adana aikin da copy running-config startup-config.