Yadda na gyara lissafin faɗin gonarmu

Gonarmu ba murabba'i ba ce. Gaba mita 80, baya mita 40, gefunan biyu suna tafiya daidai da juna, sauran biyun kuma a karkace, kowanne mita 52. Lissafin da aka bar mana ya ba da murabba'in mita 3,120, amma wanda zai yi hayar gonar ya ce bai kai haka ba.

Na sake awon gefuna, babu kuskure. Na canza tef, duk ɗaya.

Ashe gefen karkatacce aka ɗauka a matsayin tsayi. Tsayin da ake nufi shi ne tazarar da ke tsakanin gaba da baya a miƙe. Sai na kafa turke a layin gaba, na ɗaura igiya ta yi alwatika mai gefuna mita 3, 4 da 5 don kusurwar ta fita daidai kamar ta murabba'i, na ja har layin baya: mita 48.

Na haɗa 80 da 40, na raba biyu, 60. Sau 48, ya ba da 2,880.

Don tabbatarwa na tsaga gonar kusurwa zuwa kusurwa, alwatika biyu. Rabin 80 sau 48, 1,920. Rabin 40 sau 48, 960. Jimla 2,880.

Alhamdulillahi, na gode wa ƙanena da ya riƙe mini igiya.