Yadda ake ba jagora da ma'aikatan sansani tukuici a tafiyar farauta

A Afirka ta Kudu, Namibiya, Zimbabuwe, Tanzaniya da arewacin Kamaru, farauta sana'a ce mai lasisi da haraji. Baƙo zai biya kamfani, a haɗa shi da ƙwararren maharbi ya zama jagoransa, a sauke shi a sansani cikin daji na mako guda ko biyu. Kuɗin da ke cikin takardar yarjejeniya kashi biyu ne: kuɗin kwana, wanda ya haɗa ci da masauki da mota, sai kuɗin kowace dabba da aka harba. Na ukun ba kasafai ake rubuta shi ba, amma kowa a sansanin ya san da shi, wato tukuicin ranar sallama. Shi ne yake rikita baƙi, har ka ga mutumin da ya biya dubban daloli ko gezau yana zaune bakin gado daren ƙarshe, yana juya 'yan canji, ya rasa wa zai ba nawa.

Mataki na farko: ka tambaya tun kana gida

Kafin ka biya kafin alkalami, rubuta wa mai kamfanin tambayoyi uku. Mutum nawa ne za su yi maka aiki, kuma mene ne aikin kowa? Nawa baƙi suka saba bayarwa? Hannu da hannu ake bayarwa, ko tarawa ake yi a raba? Babu abin kunya a nan, kullum ana yi musu irin wannan tambayar, wasu ma suna da takardar shawara a ajiye.

Tambayar farko ta fi nauyi. A gonar farauta ta lardin Limpopo na Afirka ta Kudu ba lallai ma'aikata su wuce biyar ko shida ba. A sansanin tanti na Tanzaniya kuwa, ko yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njidda a arewacin Kamaru, inda ake shiga ta garin Garwa, sukan haura goma: masu bin sawu, mai fiɗa da yaronsa, direba, kuku, mai kai abinci, mai wanki da guga, mai ɗebo ruwa, mai gadi. Wanda ya yi lissafin mutum biyar ya tarar da goma sha biyar, dole wani ya tashi hannu rabbana.

Mataki na biyu: ka ware kuɗin a cikin kasafin tafiya

Abin da aka fi yi a Afirka shi ne a ba jagora tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin farautar, sannan a ware na sauran ma'aikata daban. A Amurka, wajen farautar manyan namun daji a jihohi irin su Montana da Wayomin, yakan kai kashi 10 zuwa 15, a kuma tuna da kuku da mai kula da dawakai.

A ce ka yi kwana 7 a kan dala 400 kullum, dala 2,800 ke nan, dabbobin da ka harba suka ci 3,200, jimla 6,000. Na jagora zai faɗa tsakanin 300 da 600. Ni da zan raba na sauran, sai in ba babban mai bin sawu 120, kuku 100, mai fiɗa 80, mai wanki da mai gyaran ɗaki 50 kowannensu. Misali ne kawai, shawarar kamfanin ce gaba da shi. Idan farautar ɓauna ce ko giwa, ka ɗaga na jagora da na masu bin sawu, don su ne a gaba idan dabba ta juyo.

Wani zai ce ai ya biya kamfani, me ya sa zai sake biya? Hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ni ma da za a bi ta tawa, albashi mai kyau ya fi jiran hannun baƙo. Amma aikin na lokaci ne. A Namibiya doka ta buɗe wa baƙi irin wannan farauta daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Nuwamba, a arewacin Kamaru kuwa 'yan watannin rani ne kawai. Abin da ma'aikaci ya tara a nan da shi zai ci sauran shekara. Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici, sai dai yabo ba ya biya wa ɗan mai bin sawu kuɗin makaranta.

Mataki na uku: irin kuɗin da za ka riƙe

Babu banki a daji, saboda haka tsaba za ka tafi da ita, kuma da ƙananan takardu a ciki. Jagora zai karɓi dala ko yuro ba matsala. Mai wanki a Afirka ta Kudu fa, in ka ba ta dala ka ɗora mata wahalar zuwa gari neman canji, rand ya fi mata, kuma rand ɗin yana ci a Namibiya. A Zimbabuwe dala ce a hannun kowa. A Tanzaniya a kan ƙi karɓar dalar da aka buga kafin 2006, haka wadda ta yage ko aka yi rubutu a kanta. Mutanen Nijar su lura: sefar Maraɗi da ta Garwa darajarsu ɗaya, amma bankunan da ke buga su daban ne, ta Nijar ba ta ci a kasuwar Kamaru. Wanda zai fita daga Najeriya da abin da ya haura dala 10,000, sai ya bayyana wa kwastan. Ka sayi ambulan da yawa tun a gida.

Mataki na huɗu: ka buɗe ido a sansani

Nan ne ainihin aikin, don tukuici a kan wahala ake auna shi, ba a kan girman ƙahon da aka samu ba. Tun ranar farko ka riƙe sunan kowa, ka rubuta a waya ko a takarda.

Dubi mai bin sawu. Da asuba zai tsuguna bakin tafki ya kalli kashin ɓauna, ya taɓa da yatsa ya ji ko da sauran ɗumi, ya duba ciyawar da aka taka ko ta fara miƙewa, ya ce garken bai daɗe da wucewa ba. Daga nan sai tafiya a ƙasa, wani lokaci har azahar, yana girgiza 'yar jakar toka lokaci-lokaci don ya ga inda iska ta nufa. Iska na iya juyawa a minti na ƙarshe, garke ya watse, a dawo ba komai. Ranar nan ya fi kowace rana shan wuya, kuma ita ce ranar da baƙo mara lura yake cirewa daga lissafi. Haka in ka yi harbi bai kama daidai ba, dabba ta shige duhuwa da rauni: kuɗinta dai ka riga ka biya ko an same ta ko ba a samu ba, amma shi ne zai shiga gaba yana bin ɗigon jini.

Mai fiɗa kuma aikinsa yana farawa ne lokacin da kai kake wanka. Ka leƙa rumfarsa ko sau ɗaya da dare. Za ka same shi da 'yar ƙaramar wuƙa yana bin gefen ido da leɓe da cikin kunne a hankali, sannan ya shimfiɗa fatar ya tula mata gishiri tun zafi bai sa gashi ya fara zuba ba. Kyan aikinsa ko ɓarnarsa sai bayan watanni za ka gani, lokacin da fata da ƙahon dabbar suka iso gida, shi ya sa ake yawan mantawa da shi.

Idan ka roƙi wani abu na daban, ka sa shi a lissafi. Kukun da ya ware maka tukunya da wuƙa don kada naman gadu ya taɓa abincinka, ko direban da yake tsayawa ya nemo maka inuwa ka yi salla, sun ƙara aiki a kan aikinsu.

Mataki na biyar: abin da ba ya cikin tukuici

Wuƙa mai kyau, tocila, takalmin daji ko rigar sanyi kyauta ce mai daɗin karɓa, musamman a kudancin Afirka inda Yuni da Yuli suke da tsananin sanyi. Ƙari ne a kan kuɗi, ba madadinsa ba. Bindiga da harsashi kada ka bar wa kowa, suna da lasisi, za ka jefa mutum cikin shari'a. Nama ma kada ka lissafa shi a kyautarka, galibi na mai filin ne ko na ƙauyukan yankin, kamar yadda ake yi a ƙarƙashin shirin CAMPFIRE na Zimbabuwe, wanda ke ba ƙauyuka rabo daga amfanin namun dajin yankinsu.

A Tanzaniya da wasu yankunan Zimbabuwe akwai jami'in gandun daji na gwamnati da ke bin ku don ya tabbatar an bi doka. A wurare da dama akan ba shi wani abu a ƙarshe, amma ka tambayi jagora tukuna. Alkawarin kuɗi tun ana tsakiyar farauta, don a kau da kai ka harbi abin da ba ya cikin lasisinka, wannan cin hanci ne, kuma lasisin jagoran ne zai fara tafiya.

Mataki na shida: ranar sallama

Daren ƙarshe ka zauna da jagora ku bi jerin sunayen. Ya fi ka sanin wa ke gaba da wa, kuma in ka ba yaron mai fiɗa fiye da maigidansa, ka bar musu rigima bayan ka tafi. Ka ji shawararsa, amma miƙawar ka yi da hannunka, sai fa in tsarin sansanin na tarawa ne, nan ma ka nemi a faɗi adadin a gaban kowa. Ka rubuta suna a kan kowace ambulan, ka rufe. Da safe za a tara ma'aikata, ka kira kowa da sunansa, ku yi musabaha, ka ambaci abu ɗaya da ya yi maka, ko da ta bakin tafinta ne. A Garwa ma ba ka bukatar tafinta sosai, da Hausa ko Fillanci za ka samu mai jinka.

Na jagora a keɓe ake ba shi, ba a gaban yaransa ba. Idan shi ne mai kamfanin, ba dole ba ne, kana iya yi masa kyauta ka ƙara kuɗin a na ma'aikata. In kuma aikin bai gamsar da kai ba, jagora malalaci ne ko mai wasa da bindiga, ka rage nasa, ka gaya wa mai kamfanin dalili baki da baki, kada laifinsa ya shafi kuku da mai wanki. Ka kuma bar 'yan takardu a aljihun gaba saboda direban da zai kai ka filin jirgi, sau da yawa ba ya cikin waɗanda aka tara da safe.